An Ce In Koma Karatu Daga Gida

Na karanta saƙonninku duka, har da na wadda ta rubuto min cewa, "Liora, ki auri Ilan ki huta, mace mai irin wannan saurayin me kuma take nema a makaranta?" 'Yar'uwa, ban ji haushi ba, ke da mahaifiyata bakinku ɗaya. Amma ki tsaya ki ji abin da ya faru tsakanin Asabar da Talata tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Liora Sitbon, shekarata ashirin da uku, ina aji huɗu a tsangayar haɗa magunguna. A Sarcelles muke zaune, hawa na shida, ni da Mama da kakata Meme Fortunée, kullum jirgin ƙasa nake bi zuwa jami'a a Paris. Bayahudiya ce ni. Shekara uku na yi a ajin nan ba wanda ya damu da wannan, sai dai a tsokane ni don ba na zuwa shagalin daren Juma'a, lokacin da hutun ibadarmu na Asabar ke farawa.

Makonni uku da suka wuce na shiga ɗakin gwaji, na tarar da farar rigata ta aiki a rataye inda na bar ta, amma an zana mata alamar 'yan Nazi a baya da baƙin alƙalami mai kauri. Da yamma wani ɗan ajinmu, Thibault, ya sa hoton rigar a zauren hirar ajinmu na waya, ya rubuta a ƙasa: "A riƙa kula da famfon gas, muna da Sitbon a aji." Ba wanda bai san gas ɗin da yake nufi ba, wanda aka shaƙe kakanninmu da shi a sansanoni. Mutum arba'in da ɗaya suka sa masa fuskar dariya. Na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Har da yarinyar da na koya wa lissafin awon magani duk bara, a kicin ɗinmu, tana cin birik ɗin Mama, soyayyen fulawa mai ƙwai a ciki, tana lashe yatsa.

Na rubuta takardar ƙorafi, na haɗa da hotuna, na kai ofishin shugabar tsangaya. Aka ce kwamitin ladabtarwa zai zauna, in dawo ran Talata in ji sakamako.

To, ranar Asabar Ilan ya zo cin abincin rana bayan an taso daga majami'armu ta Yahudawa.

Sai kun ga Mama in Ilan zai zo. Tun Alhamis take wanke farantai masu bakin zinariya waɗanda ko ni ba a yarda in taɓa. Ta shimfiɗa farin mayafin tebur na Tunis, ta jera ƙananan kwanukan salati har goma sha ɗaya, ga harisa, wato yajin markaɗaɗɗen barkono, ga soyayyen tattasai, ga tukunyar pkaila, miyar alayyafo da wake da nama, da ta kwana a kan wuta tana ƙamshi. Ni kuma ta tsare ni a ƙofar ɗaki.

"Wannan baƙar rigar za ki sa? Wa ya mutu?"

"Mama, ita ce a goge."

"Ki sa shuɗiyar nan mai maɓallan lu'ulu'u. Ki saki gashinki. Kuma don Allah, Liora, kar ki kawo min maganar makarantar nan a tebur."

Na sa shuɗiyar. Ba don ita ba, don na san Ilan yana son ta.

Bari in faɗa muku gaskiya, ina son Ilan Taieb. Ba haɗa mu aka yi ba, ni na gan shi. Shekararsa talatin da ɗaya, dogo ne siriri, da tabarau da murya ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Ƙaramin malami ne a tsangayarmu, ba ya koyar da ajinmu, amma jirgi ɗaya muke bi. Ranar da muka fara magana ana ruwa, ya ba ni lemarsa ya ce shi gidansu kusa ne, daga baya na gane tafiyar rabin awa ce. Shekara shida ke nan yana aiki na wucin gadi, kuma a watan Yuni za a yanke ko za a tabbatar da shi. Duk safiya in jirgi ya kusa Paris sai ya zare 'yar hularsa ta kipa daga tsakar kai ya sa a aljihu. Ban taɓa ganin laifinsa ba, rabin mazan unguwarmu haka suke yi.

"Ɗana, ƙara nama," in ji Mama. "Dubi wuyanka. Wannan ba ta san darajar namiji ba, da tuni ta koyi girki."

"Ta iya haɗa magani ai, Mama Sitbon," ya ce yana murmushi. "In girkin ya ba ni ciwon ciki sai ta warkar da ni."

Meme ta ƙyalƙyale da dariya har haƙoranta na roba suka motsa. "Ka dai yi hankali, mijina. In ta gaji da kai, ɗigo biyu a shayi ya isa. Gara ka aure ni, ni guba ɗaya na sani, bakina."

Aka yi dariya. Sai Mama ta ga ƙofa ta buɗe, ta shigo da abin da ke ranta. Wai ta yi magana da mahaifiyar Ilan, ran Talata da yamma za su zo a tsayar da ranar lalle da ta aure.

Na ajiye cokali. "Talata? Mama, ran Talata nake da ganin shugabar tsangaya."

"Da safe ne ai. Ki je ki ji abin da za su ce, ki dawo ki yi wanka. Ni in da za ki bi tawa ma, ki ajiye karatun nan na bana. Kullum in kin fita zuciyata a hannuna take har ki dawo. Jiya motar asibiti ta wuce da jiniya, sai da na zauna a ƙasa. Ke kaɗai gare ni, Liora. Ubanki ya tafi ya bar min ke kaɗai."

Idonta ya kawo ruwa. Abin da ke karya ni ke nan, ba faɗanta ba. In ta yi faɗa ina da amsa.

Meme ta goge baki a hankali, ta dubi Mama. "Esther, ƙyale yarinya. Ina da shekarunta aka cinna wa majami'armu wuta a Tunis. Babana ya ce mu tafi, muka tafi da akwati biyu. Muka zo nan aka ce an tsira. Yanzu kuma ta bar aji? In ta bar aji ta dawo gida, gobe aka biyo ta gidan, sai ta shige ƙarƙashin gado?"

"Meme, ba a wannan maganar ran Asabar," in ji Mama.

Bayan an kwashe kwanuka muka fita baranda ni da Ilan. Ya jingina da ƙarfe yana kallon tsofaffi suna komawa gida da rigunan ibada a hammata.

"Liora, in tambaye ki? Me kike so a yi wa Thibault?"

"A hukunta shi."

"A kore shi?"

"In dokar makaranta ta ce haka."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Wawa ne kawai. Yaro ne da bai san abin da yake faɗa ba. In aka kore shi, ke za a tsana, ba shi ba. Saura miki shekara biyu da mutanen nan. Wani lokaci mutum ya sunkuya abin ya wuce ta samansa."

"Kai rigarka aka zana wa?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi?"

Ya kama hannuna. "Ina nufin ina so in aure ki hankalinmu kwance. Shi ke nan."

A raina na ce tsoro ne irin na mai ƙauna, kamar na Mama. Kun ga irin wautata ko?

Ran Talata na sa baƙar rigata, na ɗaure gashi, na bar sarƙata mai tauraron Yahudawa a waje kan riga da gangan. Ƙarfe goma aka ce, sai sha ɗaya saura aka kira ni. Ina zaune a dogon benci ina kallon wata takarda da aka manna a bango cikin gilashi, mai cewa jami'a ba ta lamuntar wariya ko wace iri ce. Na karanta ta ya fi sau ashirin.

Madam Perrin, shugabar tsangaya, ta taso har bakin ƙofa ta tare ni. Farar furfura an yanke ta gajera, ɗan gyalen siliki a wuya, ga murmushi kamar an haife ta da shi.

"Madmazel Sitbon, zauna, zauna. Shayi ko kofi? Ki sani abin nan ya taɓa ni ƙwarai. Ban yi barci ba ranar da na ga hoton."

"Na gode, Madam. Me kwamiti ya yanke?"

Ta buɗe fayil, ta rufe. Wai maganar riga, ba a gano wanda ya yi zanen ba, kyamarar da ke wannan lungun ta lalace tun kafin hutu. Maganar saƙo kuma, zauren hira na ɗalibai ne, ba na jami'a ba, hannunsu bai kai can sosai ba. Duk da haka an rubuta wa Thibault takardar jan kunne.

"Za ta shiga fayil ɗinsa?"

"A'a, ba ma so mu ɓata wa yaro gaba saboda kuskure ɗaya. Ya yi nadama. Ya yarda ma ku zauna zaman sulhu, ke da shi, kowa ya faɗi abin da ya ji."

"Ni me na yi masa da za mu yi sulhu?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. "Sannan mun yi tunanin lafiyarki. Kin san yanayin da ake ciki, yaƙin nan na Gaza ya ɗaga hankalin kowa, ɗalibai na cikin fushi ta kowane ɓangare. Mun shirya miki ki riƙa bin darussa daga gida ta kwamfuta har ƙarshen zango. Jarrabawa kuma za a ba ki ɗaki ke kaɗai."

"Madam, shi yana aji, ni ina gida?"

"Ba warewa ba ce, kariya ce."

"Aikin ɗakin gwaji fa? Ta kwamfuta zan haɗa magani?"

"Za mu duba wannan." Idonta ya sauka kan wuyana, ya ɗan tsaya. "Kuma in kin zaɓi ci gaba da zuwa, ni a matsayin uwa nake faɗa miki, ba shugaba ba, akwai abubuwan da in an sa su cikin riga ba a rasa komai ba."

Na kai hannu na taɓa sarƙar. Ta babana ce, daga wuyansa aka ciro ta a asibiti. Na rantse matar nan ba za ta ga hawayena ba.

Ta turo min wata takarda da biro. Wai in sa hannu cewa na gamsu da matakin da aka ɗauka, an rufe magana, kuma ba zan kai ta waje ba. Ta ce 'yan jarida ba sa neman alherin kowa, sunan tsangaya in ya ɓaci takardar shaidata ma ta ɓaci.

"Ban gamsu ba, Madam."

Murmushin ya ɗan ragu. "Ki yi tunani. Ba mu yanke wannan da ka ba. Mun nemi ra'ayin wani malami daga cikin al'ummarku, mutum mai hankali, shi da kansa ya shaida wa kwamiti cewa irin wasan banzan da ɗaliban magani suka saba ne, ba ƙiyayya ba. In na cikinku ya ga haka…"

"Wane ne?"

"Zaman kwamiti sirri ne."

Na tura mata takardarta na miƙe. Har na kai ƙofa tana cewa ƙofarta a buɗe take kullum.

A matattakala na tsaya. Malamai Yahudawa biyu na sani a tsangayar nan. Ɗaya tsohon farfesa ne da ke kwance tun Janairu an yi masa aikin zuciya. Ɗayan kuma, a'a. Na ce wa kaina akwai waɗanda ban sani ba, masu ɓoye kansu sun fi masu bayyanawa yawa. Na ciro waya na rubuta wa Ilan: "Na fito."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa: "Yaya? Kin sa hannu?"

Na daɗe ina kallon kalmomin nan. Ni ban gaya masa akwai takardar sa hannu ba. Ni kaina sai yau na sani.

"Sitbon."

Na ɗaga kai. Nesrine ce, tsaye a ƙasan matattakala da jakarta a kafaɗa, ɗankwalinta ruwan toka, da gyalen Falasɗinawa mai baƙi da fari a wuya. Ita ce wakiliyar ɗalibai a kwamitin. Da can ƙawata ce ta kusa, kwano ɗaya muke ci, don da ni da ita ba mai taɓa naman kantin makaranta. Wata biyar ke nan ba ma magana. Mun yi faɗa kan yaƙin, ta faɗa min maganganu, na faɗa mata, kowa ta tafi da ciwonta.

"In kin zo ki ce in yi haƙuri ne, an riga ki," na ce.

"Ke dai bakin nan naki bai canja ba." Ta hawo ta tsaya kusa da ni, ta rage murya. "Ki ji, ina nan kan bakana. Asabar ma zan fita zanga-zanga, kuma in muka zauna sai mun sake faɗa. Amma kar wani ya ce min Thibault don mutanen Gaza ya yi wannan. Ko a taswira ba zai nuna miki wurin ba. Shi ne bara ya ce min in cire tsumman kaina kar ya kama da wuta. Nan ma wasa aka ce."

"Kin yi magana a zaman?"

"Mutum bakwai ne. Ni kaɗai na ɗaga hannu a hukunta shi." Ta kalli sama da ƙasan matattakala. "Akwai abin da ya kamata ki gani kafin yamma. Na ji an ce yau ake sa miki rana. In aka san ni na ba ki, ni za a gurfanar, kuma ni takardata za ta shiga fayil, kin sani. Sai na je gida zan turo."

"Nesrine, faɗa min kawai."

"Ba zan iya da baki ba." Ta ɗan matse min hannu ta sauka da sauri.

Yadda na kai gida ban sani ba. Na tarar an jawo kujerun falo an yi da'ira, an ɗora tiren azurfa a tsakiya cike da makrud, cincin mai dabino a ciki, da alewar gyaɗar almond mai launin ruwan hoda, ga kwalbar bukha, barasar ɓaure, da ƙananan kofuna. Mama ta sha gyaran gashi, tana ta kai da komo cikin doguwar riga ruwan goro.

"Yaya aka yi?" ta tambaya, ba ta ko tsaya ba.

"Sun ce in koma karatu daga gida."

Ta dafe ƙirji. "Allah na gode maka! Kin gani? Mutanen kirki ne ashe. Maza shiga wanka, ƙarfe shida za su iso."

Meme ce kawai ta bi ni da ido daga kujerarta. "Zo nan, kishiyata. Fuskar nan ba ta amarya ba ce." Na ce kaina ke ciwo. Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da kallona har na shige.

Na yi wanka. Na sa koriyar rigar da Mama ta shimfiɗa min a gado, mai aikin zare na zinariya a ƙirji da hannu. Ina sa ɗan kunne na ji ƙararrawar ƙofa, na ji guɗar Mama, na ji muryar mahaifin Ilan yana gaida Meme da Larabcin Tunis. Sai wayata ta yi ƙara a kan madubi.

Hoto ɗaya ne, ba rubutu. Shafi ne na bayanin zaman kwamiti, an ɗauka a karkace. Na buɗe shi da yatsa biyu.

"Na san Madmazel Sitbon sani na kusa. Yarinya ce mai saurin ɗaukar abu da zafi, musamman tun rasuwar mahaifinta. A ganina, a matsayina na Bayahude kuma malami a wannan tsangaya, saƙon wasa ne marar daɗi, ba ƙiyayya ba. Ina da yaƙinin zan iya shawo kanta ta janye."

A ƙasa ga sunan Ilan, ga sa hannunsa mai doguwar jela, wanda na sani kamar nawa. Ga kwanan wata: Alhamis. Kwana biyu kafin ya zauna a teburinmu yana cin pkailar Mama.

Ba "wasa" ɗin ne ya fi ƙona ni ba. Babana ne. Ilan kaɗai na taɓa gaya wa yadda na yi bayan rasuwarsa, watannin da ba na iya tashi daga gado, da likitan da na riƙa gani a ɓoye ko Mama ba ta sani ba. Ya ɗauki wannan ya kai wa mutum bakwai a kan tebur.

"Liora!" Mama ta ƙwala kira. "Fito mana, surukanki na jira!"

Na share ƙasan idona da yatsa don kar kwalli ya zuba. Na ɗauki wayar, ban kashe hoton ba, na fita.

Duk suka juyo. Mahaifiyar Ilan ta buɗe hannuwa tana cewa ga 'yarta, ga 'yarta. Ilan ya miƙe cikin baƙar kwat, kipa a kansa, da ɗan akwatin zobe a hannu. Ya yi min murmushi, sai idonsa ya sauka kan wayar, murmushin ya tsaya a inda yake.

Na gaida iyayensa ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya min. Na sumbaci hannun Meme. Sannan na juya gare shi.

"Ilan, za ka biyo ni kicin, ko in karanta musu a nan?"